Yadda ake zaɓen taurin sifirin gaba idan ka saukar da motarka ƙasa

Tambayar da kowa ke yi da zarar ya gama gyara inji ya sa manyan rim ya saukar da mota ita ce "oga kilo nawa zan sa a gaba?", sai wani yace masa sa takwas, wani yace goma, wani kuma yace ai shi sha biyu ya sa kuma motar lafiya lau take tafiya. Dukkansu zai iya yiwuwa gaskiya suke faɗa a kan motarsu, amma lambar da aka rubuta a jikin sifirin ita kaɗai bata gaya maka komai. Sifirin kilo takwas a gaban BMW E46 zai iya zame maka azaba a titinmu, shi ɗin dai ka ɗauka ka sa a gaban Honda Accord EOD sai kaji motar tana da laushi. Abu uku ne ke yanke hukunci: nauyin da ke kan tayar, inda aka dasa sifirin a jikin ƙafar motar, da kuma ratar da ta rage wa shokazoba bayan ka saukar. Wannan "takwas da shida" ɗin da ya zama ruwan dare ma, wato kilo takwas a gaba shida a baya, haka koiloba (shok da sifirin a haɗe masu daidaita tsayin mota) na Nissan Silvia da 240SX da yawa suke zuwa daga kamfani, amma sai kaga ana liƙa wa kowace mota.

Kafin mu shiga lissafi ka fara gane awon. Idan akace sifirin kilo biyar ne, ana nufin sai ka ɗora masa kilo biyar zai nutse milimita ɗaya, kilo hamsin milimita goma, haka dai. Mutanen Jafan da Taiwan da wannan suke rubutu, kg/mm. Amurkawa kuma fam a kan inci suke yi, lb/in, Jamusawa su rubuta N/mm. Kilo ɗaya a milimita daidai yake da kusan fam 56 a inci, ko N/mm 9.8, wato sifirin da Ba'amurke zai kira 450 shi ne kilo takwas ɗin nan. Ka riƙe 56 ɗin a kanka don zaka ta cin karo da ita wajen saye.

Mataki na farko, ka auna motar

Kar ka dogara da nauyin da aka rubuta a littafin mota, kuma kar ka ɗauki lambar da ke jikin farantin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, waccan iyakar abin da ƙafar gaba da ta baya zasu iya ɗauka ce da kaya da mutane, ba nauyin motar na yau da kullum ba. Motar da aka taɓa ma ai ta riga ta bar abin da kamfani ya rubuta. Wanda ya cire injin M54 na BMW mai bulok ɗin alminiyam ya dasa 2JZ na Toyota mai bulok ɗin baƙin ƙarfe, ya ƙara turbo da intakula a gaba, ya ɗora wa hancin motar nauyi mai yawa, wani kuma ya cire kujerun baya da safaya taya ya rage na baya.

Hanya mafi kyau ita ce sikeli huɗu, kowace taya da nata, amma samunsa a nan sai an sha wuya. Abin da ya fi sauƙi ka je wajen sikelin da ake auna manyan motoci, irin na wajen masu sayen hatsi ko masu ƙarafan gwangwan, ka roƙi mai sikelin ya baka minti biyar. Ka hau da tayoyin gaba kawai a rubuta, sannan ka hau da motar gaba ɗaya a rubuta. Kana cikin motar fa za'a auna, da mai kamar rabin tanki, kuma ka duba cewa ƙasan da tayoyin baya suke a kai bai fi sikelin tudu ko kwari sosai ba. Irin wannan sikelin yakan yi kuskuren kilo goma ko ashirin, ba komai, ya ishe mu.

Mu ɗauki misali da zamu bi har ƙarshe, lambobin na misali ne, kai naka zaka sa. E46 ce, da direba ta bada kilo 1,560, gaba ya bada 780. Raba biyu, kowace tayar gaba 390. To amma ba duka 390 ɗin sifirin ke ɗauka ba, don taya da rim da faifan birki da kalifa (abin da ke matse faifan) da hob (inda ake ɗaure taya) da wani ɓangare na lowa am (ƙarfen ƙasa da ya haɗa hob da jikin mota) duk a ƙarƙashin sifirin suke, ƙasa ce ke ɗauke da su. A irin waɗannan motocin wannan yakan kama kilo 40 zuwa 50 a kowace kusurwa, in kana so ka tabbatar ka ɗora tayar da rim ɗinta a sikelin bandaki ka ƙara na birki da sauran tarkace. Mu ce 45. Saura 345. Wannan 345 ɗin ita ce lambarka ta farko.

Mataki na biyu, rabon motsi, kuma nan ne yawancin mutane ke faɗuwa

Idan taya ta hau sama da milimita goma, sifirin ba lallai ya nutse milimita goma ba. Ya danganta da inda aka dasa shi. Ka tuna yadda ƙofa take, in ka tura ta daga wajen mariƙi da yatsa ɗaya zata tafi, in ka tura daga kusa da hinji sai ka sa ƙarfi sosai. Taya tana can bakin lowa am wajen mariƙi, sifirin kuma in an dasa shi a tsakiyar am ɗin to yana kusa da hinji, dole ya fi tauri kafin taya ta ji shi.

Motocin da ke da ƙafar Makfasan, wato shok da sifirin a haɗe sun sauka kai tsaye a kan hob, irin BMW E36 da E46, Golf, Corolla, Camry, Subaru Impreza, su rabonsu ya kusa ɗaya, kamar 0.9 zuwa 0.98. Masu am biyu sama da ƙasa kuwa, irin Civic har zuwa ta 2000, Accord har zuwa ta 2012, Mazda MX-5, Lexus IS, nasu yakan faɗo wajen 0.6 zuwa 0.75. Akwai kuma masu yaudara, Marsandi 190 da W124, in ka leƙa zaka ga shok a tsaye kan hob kace ai Makfasan ce, alhali sifirin nata daban yake can ciki a kan lowa am, to na sifirin zaka auna ba na shok ba.

Kar ka ɗauki lamba a bakin wani, ka auna da kanka, aikin awa ɗaya ne. Ka ɗaga motar ka ɗora ta a kan sitan mai kyau, ba bulo ba, ba jak kaɗai ba. Cire taya, cire linkej ɗin sitabilaiza (sandar da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu don rage kwanciya a kwana), fitar da sifirin ka mayar da shok ɗin babu shi. Wajen fitar da sifirin kamfani dan Allah a yi amfani da abin matse sifirin na gaske, wannan ɗaure shi da waya ko igiya da wasu yaran gareji ke yi ya karya haƙora da yatsu ba adadi, sifirin da ke matse yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Sai ka sa jak a ƙarƙashin hob ka ɗaga shi zuwa daidai tsayin da motar ke zama in tana ƙasa, ka auna daga tsakiyar hob zuwa bakin fenda, ka auna tsakanin kujerar sifirin ta sama da ta ƙasa. Ɗaga hob ɗin milimita 40, sake auna kujerun. In sun matso da 38, to 38 raba 40, rabonka 0.95.

Abin da ya sa wannan lambar take da haɗari shi ne sau biyu take cizo, ana ninka ta da kanta. 0.95 sau 0.95 ya bada 0.90, wato taya tana jin kashi 90 cikin ɗari na taurin sifirin. Amma 0.7 sau 0.7 ya bada 0.49, ƙasa da rabi. Kaga sifirin kilo takwas a E46 taya tana jin 7.2, a Accord kuma 3.9 kawai take ji. Shi ya sa masu Honda ke faɗin goma da sha biyu hankalinsu kwance, mai BMW ya kwaikwaya ya dawo yana dafe da ƙugu.

Mataki na uku, me kake so ka yi da motar

Injiniyoyi basa kwatanta mota da mota da lambar sifirin, da saurin lilo suke yi, wato in ka danna hancin mota ka saki babu shok, sau nawa zai yi sama da ƙasa a sakan ɗaya. Ana rubuta shi da Hz. Motar gida ta kamfani tana wajen 1 zuwa 1.5. Motar gudu da ake hawa titi da ita 1.5 zuwa 2. Wadda aka gina don filin tsere 2 zuwa 2.5, masu fukafukai da iska ke dannewa ƙasa kuma su wuce 3, waɗannan ba ruwanmu da su.

Ra'ayina, motar da zata riƙa shiga gari kullum a Kano ko Kaduna ko Zariya, ta hau bamp ɗin unguwa da kowa ke ginawa yadda ya ga dama, ta faɗa rami bayan damina, kar ta wuce 1.6 zuwa 1.8 a gaba. Wadda ake fita da ita ranar hutu kawai a yi wasa a fili mai santsi zata iya kai 2 zuwa 2.2. Lambobin da kake gani a bidiyon Turawa da Jafanawa na masu hawa filayen tsere ne irin Nürburgring ko Tsukuba, kwaltarsu daban. Kuma tauri ba shi ne riƙe ƙasa ba, wannan ka sa shi a ranka, taya tana riƙe ƙasa ne in tana taɓa ta, sifirin da yayi tauri da yawa a titi mai gargada sai ya sa tayar ta riƙa tsalle daga tudu zuwa tudu, a cikin kwana kaji gaban motar yana zamewa gefe kaɗan kaɗan, birki ma ABS ya riƙa shiga ba dalili.

Lissafin da kansa ba wuya, wayarka ta isa. Nauyin kusurwa, sau Hz, sau Hz kuma, raba da 248. Abin da ya fito shi ne taurin da taya ya kamata ta ji, da kilo a milimita. Namu: 345 sau 1.8 sau 1.8 ya bada 1,118, raba 248 ya bada 4.5. Sai ka raba wannan da rabon motsi da aka ninka da kansa, 4.5 raba 0.90, ya bada 5. To sifirin kilo biyar kenan, fam 280 a awon Amurka. Da 1.5 muka zaɓa da 3.5 zai fito, da 2.0 ne 6.2, da 2.2 ne 7.5. Kaga takwas ɗin da ake ta faɗa a wannan motar ya riga ya shiga yankin motar tsere. Da kuma Accord ce mai nauyi iri ɗaya da rabo 0.7, wannan 1.8 ɗin dai sai ya nemi 4.5 raba 0.49, kilo tara da ɗan wani abu.

Mataki na huɗu, ratar da ta rage

Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa motar da aka saukar take buƙatar sifirin mai tauri tun farko, ba don gayu ba. A jikin sandar shok akwai wata roba ko soso mai launin rawaya, ita ke tare shok kar ya daki ƙarshensa, mu kira ta robar tokare. Duk milimitar da ka saukar da mota da sifirin, daga ratar da ke tsakanin kan shok da wannan robar ka cire ta. In kamfani ya bar maka 90 ka sauke 40, saura 50.

Tunda dama motar tana kan sitan babu sifirin, ka ci gaba da ɗaga hob ɗin daga tsayin zama har kan shok ya taɓa robar, ka rubuta nawa taya ta tafi. Sannan ka mayar da tayar ka sake ɗagawa har ƙarshe, ka juya sitiyari dama da hagu, ka ga ko tayar zata ci fenda ko robar cikin fenda kafin shok ya ƙare, don wani lokacin da manyan rim tayar ce ke fara dukan jiki, to nan ne iyakarka ta gaskiya.

Ga lissafin da zai nuna maka matsalar. A ce taurin da taya ke ji na kamfani 2.5 ne da rata 90, wato sai an ƙara wa tayar kilo 225 kafin ta kai roba. Yanzu rata ta koma 50, in kana so har yanzu ta ɗauki 225 ɗin, 225 raba 50, kana buƙatar 4.5. Ka ga ya zo daidai da abin da muka samu a sama, to alama ce saukarwar 40 da sifirin kilo biyar sun dace da juna a wannan motar. Ka gwada da birki ma. Tsakanin tayar gaba da ta baya a E46 mita 2.725 ne, in muka ce tsakiyar nauyin motar yana rabin mita daga ƙasa, taka birki mai ƙarfi sosai zai kwaso wajen kilo 260 ya jibga a gaba, 130 kowace taya. Da 4.5 hancin zai nutse kamar milimita 29, saura 21 na ko-ta-kwana in ka haɗu da rami kana kan birki. Da 2.5 kuwa 52 zai nema, ya riga ya zauna a kan roba tun kafin ramin, kuma da zarar mota ta zauna a kan roba taurin gabanta ya ninka ba shiri, nan take gaba ya saki ƙasa.

To idan lissafin rata ya nemi tauri fiye da na lilo fa? Misali ka sauke 65, saura 25, lissafi zai ce maka kilo tara a taya, sifirin kilo goma. Amsar ba sayen kilo goma bace, amsar ita ce ka sauke da yawa, ka ɗaga motar ko ka nemi shok mai gajeren jiki da zai dawo maka da ratar. Dalili kuwa, ƙarfin dukan da sifirin ke iya shanyewa yana tafiya ne da ratar in an ninka ta da kanta, in ka rage rata zuwa rabi sai ka ninka tauri sau huɗu kafin ya shanye duka iri ɗaya, kuma ba wanda zai iya zama a cikin wannan motar. Koiloba mai daidaita tsayi daga gindi, wadda ake murɗa jikin shok ɗin cikin bututun ƙasa, tana taimakawa a nan don tana saukar da mota ba tare da cin ratar shok ba, sai dai ka kula kar taya ta riga roba isa.

Wani abu kuma game da ƙafar Makfasan. Ka durƙusa ka kalli lowa am motar tana ƙasa. In bakinsa na wajen taya ya ɗaga sama ya fi na ciki tsayi, ka wuce gona da iri, a wannan yanayin motar tana ƙara son kwanciya gefe a kwana duk da ta yi ƙasa, tayar waje kuma tana rasa kamba, wato karkatar da saman taya ke yi zuwa ciki, sai mutum ya riƙa ƙara taurin sifirin yana maganin ciwon da shi ya jawo. Ka tsaya inda am ɗin yake a miƙe daidai da ƙasa ko ɗan gangare zuwa taya. Akwai boljoyin mai tsawo da ake sayarwa don gyara wannan, da tairod nasa, ga wanda ya nace. Sannan ba wani sifirin da zai ceci botom filet ko salansa daga bamp ɗin da ya fi motarka tsayi, ko da tafiyar kura kake, wannan maganar tsayi ce kawai.

Mataki na biyar, gaba baya tafiya shi kaɗai

Tun shekarun 1930 wani injiniya ɗan Ingila, Maurice Olley, da yayi aiki a Rolls-Royce sannan ya koma Cadillac, ya nuna cewa in lilon baya ya ɗan fi na gaba sauri mota tafi tafiya a miƙe, don gaba ke fara hawa tudu, baya ya biyo daga baya, in bayan ya fi sauri sai ya cimma gaban su sauka tare maimakon motar ta riƙa sunkuyo da ɗagowa. Ana barin baya ya fi da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Gaba 1.8, baya wajen 2.0. Lissafin iri ɗaya ne, ka auna nauyin baya da rabonsa. A E36 da E46 sifirin baya daban yake da shok, yana can ciki a kan am, don haka kar ka yi mamaki in lambar baya ta fito ta fi ta gaba girma.

A kwana kuma dokar ita ce ɓangaren da ya fi tauri shi ke fara sakin ƙasa. Ka taurara gaba da yawa, ka murɗa sitiyari motar ta ƙi shiga, hanci ya zarce waje. Ka taurara baya da yawa, gindi ya riƙa wullowa. Masu jan gaba irin Golf da Civic, da kusan kashi 60 na nauyinsu ke gaba, su suka fi shan wahalar gaba mai tauri, don tayar ciki tana yin sakayau wajen fita kwana ta riƙa juyawa a banza, shi ya sa masu tsere da su suke barin gaba da sauƙi su taurara baya. Masu jan baya da ƙafar Makfasan suna jure gaba mai ɗan tauri, don hana motar kwanciya yana kare musu kamba. Kuma in matsalarka kwanciya a kwana ce kawai, ba dukan roba ba, to sitabilaiza mai kauri ya fi maka ƙarin sifirin, tunda shi baya aiki sosai in tayoyin biyu suka hau tudu tare.

Mataki na shida, saye

Sifirin iri biyu ne. Akwai mai tauri ɗaya daga farko har ƙarshe, zagayensa a jere daidai, shi ake sawa a koiloba kuma shi lissafinmu ya fi dacewa da shi. Akwai mai ƙara tauri yana nutsewa, zaka ga wasu zagayen sun matsu wasu sun buɗe, yawancin sifirin saukar da mota da ake ɗorawa a shok ɗin kamfani irin na Eibach da H&R haka suke, suna da daɗi a gari amma lamba ɗaya bata bayyana su. Na koiloba yawanci an buga bayaninsa a jiki. Eibach in ka ga 0700.250.0400, tsawo inci bakwai, faɗin ciki inci biyu da rabi, tauri fam 400. Na BC Racing zaka ga kamar 62.180.008, faɗin ciki 62, tsawo 180, kilo takwas. Faɗin cikin nan ka auna naka kafin ka tura kuɗi, akwai 57, 60, 62, 63.5 da 65, kuma basa shiga wa juna yadda ya kamata.

Tsawo ma sai ka lissafa. Nauyin da ke kan sifirin namu 345 raba 0.95, kusan 363, raba kilo biyar, zai nutse 73 motar tana tsaye kawai. Ƙara ratar 50 ɗin nan, ƙara kamar 25 na matsewar robar tokare, kana neman sifirin da zai iya nutsewa wajen 148 kafin zagayensa su haɗe. Mai tsawon 180 ba zai bada wannan ba, don kaurin wayar kansa ya cinye sittin da wani abu, sai ka nemi 220 ko sama, ka duba jadawalin kamfanin. In zagaye suka haɗe ƙarfe ya daki ƙarfe, mazaunin shok na sama ke biyan kuɗin, kuma E46 dama an san ta da kumburin wannan wajen. In kuma sifirin gajere ne mai tauri har yana kwance a sake idan ka ɗaga mota, sai ka sa ɗan ƙaramin sifirin mataimaki da zai riƙe shi a kujerarsa.

Wanda zai shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ya tsinci na Beljiyam da rubutunsa ya goge, zai iya ƙiyasta taurin da awo uku: kaurin waya, faɗin zagaye daga tsakiyar waya zuwa tsakiyar waya, da yawan zagayen da ke aiki, banda na baki biyu da ke zaune a kujera. Da milimita zaka auna: kauri sau kauri sau kauri sau kauri, sau 8,000, sannan ka raba da abin da faɗi sau faɗi sau faɗi, sau yawan zagaye, sau takwas ya bada. Waya 12, faɗi 130, zagaye huɗu, zai baka kusan kilo 2.4. Ka auna wayar da kalifar awo mai kyau, wato ma'aunin kauri, ka cire kaurin fenti, don kuskuren rabin milimita a nan yana canja amsar da kusan kashi 17 cikin ɗari. Wannan lissafin kuma shi ke nuna maka abin da yanke sifirin ke yi, ka yanke zagaye ɗaya cikin huɗun ya koma 3.2, ya ƙaru amma bai kai 5 ɗin da ratar ke nema ba, ga bakin ya daina zama a kujera. Gasa shi da wutar mai walda don ya zauna kuwa kashe ƙarfen ne gaba ɗaya, zai ci gaba da zubewa har ya karye.

Shok dole ya iya riƙe sifirin. Ka ɗora kilo biyar a kan shok ɗin kamfani da ya gaji, motar zata riƙa tsalle sau biyu sau uku bayan kowane tudu kace sifirin ne yayi tauri, alhali shok ne ya kasa. Bilstein B8 da Koni mai rawaya an yi su ne don irin wannan aikin. A koiloba kuma abin da aka saba faɗa shi ne zaka iya hawa ko sauka da kamar kilo biyu daga wanda ta zo da shi, fiye da haka sai an sake saita cikin shok ɗin. Ɗan maɓallin da ake murɗawa a saman shok baya canja taurin sifirin, saurin motsinsa kawai yake ragewa. Haka matse sifirin da zoben ƙasa, in mai tauri ɗaya ne, baya ƙara masa tauri ko kaɗan, tsayin mota da rabon rata kawai yake canjawa.

Mataki na ƙarshe, gwaji

Bayan an ɗaura, kusoshin bushin lowa am a ƙarasa ɗaure su motar tana zaune a kan tayoyinta, in aka ɗaure tana rataye robar zata zauna a murɗe ta yage da wuri. Ka ɗan zaga da ita ta zauna, ka je alaimen, dole ne wannan don saukarwa tana canja saitin tayoyin gaba. Iskar taya ka daidaita ta kafin ka yanke wa sifirin hukunci, ita ma tayar sifirin ce, kuma mai faci yakan dura mata fiye da kima in baka tsaya a kansa ba.

Sai ka ɗauko kebul tai, 'yar igiyar robar nan da masu wayarin ke ɗaure waya da ita, ka ɗaga robar ƙura ka ɗaura ɗaya a sandar shok ka tura ta ƙasa ta zauna a kan jikin shok ɗin. Ka bi hanyar da ka saba bi, da gudun da ka saba, ka taka birki mai ƙarfi a inda ba kowa, ka dawo ka leƙa. Shok zai tura ta sama ya bar ta a iyakar inda ya kai. In ka same ta ta nutse cikin robar tokare a tafiyar yau da kullum, ko ka ɗaga motar milimita goma ko ka ƙara kilo ɗaya. In ta tsaya da ɗan saura kafin roba, sai a babban rami kawai take taɓawa, ka dace. In ko rabin ratar bata ci ba duk abin da kayi, sifirin yayi maka tauri, ka sauko da kilo ɗaya. Abu ɗaya zaka riƙa canjawa a lokaci guda, ka rubuta tsayin kowace kusurwa daga tsakiyar rim zuwa bakin fenda kafin da bayan kowane canji, ka mayar da kebul tai ɗin ƙasa ka sake bin hanyar nan dai da gudu iri ɗaya.